Windows, macOS ko Linux: Wa ke da iko a kan kwamfutar da mutum ya saya?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina bayar da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a 2015. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su daina aiki ba, amma duk wata kafa da masu kutse suka gano daga baya za ta zauna a buɗe, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Wannan ya sake taso da tambayar wanda ke da ta-cewa a kan na'urar, tsakanin wanda ya biya kuɗinta da kamfanin da ya rubuta manhajar.

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kuma a kanta sauran manhajoji ke hawa. Uku ne suka fi shahara a kwamfutar tebur da ta tafi-da-gidanka: Windows, macOS da Linux.

Windows

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 4, wurin ajiya na gigabayit 64, da na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren Intel, galibi sai injin ƙarni na takwas zuwa sama take karɓa. Ma'ana, kwamfutoci da dama da aka ƙera kafin 2018 ba su cancanta ba ko da lafiyarsu ƙalau. Abin ya shafi masu saye a Najeriya da Nijar kai tsaye, inda kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suka cika kasuwa.

Haka kuma, wanda zai saita Windows 11 don amfanin kansa sai ya haɗa ta da intanet ya shiga da asusun Microsoft. Ƙarin wa'adin Windows 10 na ɗaiɗaikun mutane, wanda aka tsara zuwa 13 ga Oktoba, 2026, shi ma an ɗaura shi a kan asusun, ko da mutum ya zaɓi biyan dala 30.

A Mayun 2024 kamfanin ya sanar da Recall, wani tsari da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta a kai a kai don mai ita ya iya nemo abin da ya taɓa gani. Bayan suka daga masana tsaro, an ɗage fitar da shi, aka mayar da shi sai mutum ya kunna da kansa.

Duk da haka, Windows ce ta fi karɓar manhajojin da ake neman abinci da su, irin su CorelDRAW da Microsoft Office da shagunan buga takardu suka dogara a kai, kuma masu gyaranta sun fi yawa.

macOS

Lasisin macOS bai yarda a ɗora ta a kan wata na'ura ba sai ta Apple. Tana tantance manhajojin da aka sauko da su daga wajen shagon kamfanin, tana tare waɗanda ba ta amince da su ba har sai mutum ya shiga saituna ya ba da izini. Kariya ce, amma Apple ne mai gindaya sharaɗin. A 2025 kamfanin ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kan kwamfutocinsa masu injin Intel. Don haka mai sayen MacBook ta hannu ya dace ya tambayi injin da ke ciki kafin ya yi ciniki.

Linux

Linus Torvalds ne ya fara rubuta Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Lasisinta ya ba kowa damar dubawa, gyarawa da rarraba ta. Nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, ba sa buƙatar asusun wani kamfani, kuma suna tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci. Ubuntu mai dogon wa'adi na samun gyaran tsaro na shekara biyar.

Sai dai Photoshop, CorelDRAW da Microsoft Office ba su da nau'in Linux. Akwai madadinsu kamar GIMP, Inkscape da LibreOffice, amma sai an koya, kuma tsarin takarda kan ɗan sauya idan aka buɗe ta a wata manhajar. Linux ma ba ta tsira daga ƙorafi ba: a 2012 Ubuntu ta fara nuna hajojin Amazon cikin sakamakon binciken da mutum ya yi a kwamfutarsa, sai a 2016 aka kashe tsarin.

Gwamnatoci ma sun gwada. Birnin Munich na Jamus ya shafe shekaru a kan Linux kafin majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017, yayin da jihar Schleswig-Holstein ta yanke a 2024 cewa za ta sauya kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux.

Abin dubawa kafin zaɓi

Na farko shi ne manhajar da mutum ke aiki da ita kullum. Mai zanen katin biki da CorelDRAW ba shi da zaɓi mai yawa. Ɗalibi ko ɗan jarida da aikinsa rubutu ne da shiga intanet yana iya komawa Linux ba tare da asara ba. Na biyu, shekarun da suka rage wa na'urar tana samun gyaran tsaro. Na uku, firinta da sauran kayan da za a jona, domin ba duka ne ke aiki a ko'ina ba. Ana iya gwada Linux daga kan filas ba tare da an goge komai ba.

Mafi haɗari shi ne ci gaba da hawa intanet da manhajar da ba a sabunta ta, ko ta satar fasaha. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi ta wata kafa a Windows da Microsoft ya riga ya toshe wata biyu kafin nan, ta kulle bayanai a kwamfutocin da ba a sabunta ba, ciki har da na asibitocin gwamnatin Birtaniya.