Na ci Kanada, na rasa Amurka

1/ Daren jiya sai da na kai ƙarfe biyu ina buga Europa Universalis IV da Ingila. Na lallasa Faransa, na ƙwace yankunanta na Amurka ta Arewa kaf. Ban gama murna ba sai 'yan mulkin mallakata suka yi min bore. Ku biyo ni.

2/ Ga yadda wasan yake: ƙasar da ka ci a can ana miƙa ta ne ga gwamnatin mallakar da ka kafa a yankin. Tana ƙara girma, ma'aunin son 'yancinta na hawa. Da ya wuce 50, ta daina biyan ka kuɗin shiga, abokan gabarka kuma su soma yi mata alkawarin taimako.

3/ Na ɗauka mugunta ce ta masu haɗa wasan. Ashe abin da ya sami Birtaniya ke nan.

4/ A Yaƙin Shekara Bakwai, sojojinta suka ci Kwibek a 1759, Montiriyal a 1760. Yarjejeniyar Paris ta 1763 ta ba ta Kanada. Faransa ta gwammace ta riƙe tsibiran rake irin su Gwadalup, don sukari ya fi kawo kuɗi.

5/ Matsala ta farko bashi. Yaƙin ya kusan ninka bashin Birtaniya, ga sojoji wajen 10,000 da za a ajiye su tsare sabuwar ƙasar. Majalisa ta ce mazauna Amurka su sa hannu a aljihu. Haka aka kawo harajin hatimi a 1765. Su kuwa suka ce ba su da wakili a majalisar, don me za ta yanka musu haraji?

6/ Ta biyu, mutanen da ta gada. Ƙabilun asali da suka saba hulɗa da Faransawa suka tashi a 1763, yaƙin da ake kira da sunan Pontiyak. Don a zauna lafiya, sarki ya hana Turawa ƙetare duwatsun Apalachiya su kafa gari. Alhali filin da suka yi yaƙi dominsa ke nan.

7/ Ga kuma Faransawa 'yan Katolika sama da 60,000 a Kanada. Dokar Kwibek ta 1774 ta bar musu addininsu da dokokinsu na dukiya da gado. Ta faranta musu rai, ta ƙona na 'yan Furotesta a Boston.

8/ Ta uku ita ce babba. Muddin Faransa na maƙwabtaka da su, 'yan mallaka 13 ɗin na buƙatar sojan Birtaniya. Da kura ta bar gari, wa zai ci gaba da biyan maigadi?

9/ A 1776 suka ayyana 'yanci. A 1778 Faransa ta shigo musu da jiragen yaƙi da kuɗi, ramuwar gayya. A 1783 Birtaniya ta sa hannu ta haƙura, a Paris ɗin dai. Kanada da ta ƙwato ta zauna a hannunta, nata na asali suka tafi.

10/ Ita ma Faransa ba ta sha ba. Bashin wannan taimakon na cikin abin da ya kai ta ga juyin juya halin 1789.

11/ Yau zan sake wasan daga farko, kuma wallahi zan bar wa Faransa Kwibek ɗinta. Masu buga shi, ku kuna cinyewa ne ko kuna barin maƙwabci?