Tarihin Tiyatar Gadon Baya da Zaɓin Manomin Gedambaliya

A tsakiyar shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta Sudan ta fara noma da tarakta a Gedambaliya, kusa da Gadarif. Inji ya ɗauke wa mutane huɗa da shuka, amma yankan riɗi da dawa ya rage a hannun 'yan ƙwadago, cikinsu har da Hausawa jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka. Mai wuni a duƙe, ya kuma saɓa buhu, ba ya rabuwa da ciwon baya. Mafi tsananinsa shi ne wanda Larabawan Sudan ke kira gudruf: faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ya tsage, ya danne jijiya, zafi ya gangara har ƙafa.

Likitoci sun daɗe suna ɗaukar wannan guringuntsi a matsayin ƙari. Sai a 1934 William Mixter da Joseph Barr na birnin Boston a Amurka suka nuna cewa faifan ne ya fashe, cire ɓangaren da ya fito kuma yana kawar da zafin. Tiyatar farko babba ce, har da sassaƙe ƙashi. A 1964 Lyman Smith ya bayyana wata allura mai narkar da faifan, wadda ake samu daga ƙaron gwanda. Ta yi tashe, daga baya aka janye ta. A 1977 Yasargil da Caspar, kowanne a nasa ɓangaren, suka kawo tiyata da madubin ƙara girma, yanka ya koma ƙarami. Bayanta aka samu ta siririn bututu mai kyamara.

Duk da wannan ci gaba, binciken da Henrik Weber na ƙasar Norway ya wallafa a 1983 ya sanyaya ɗokin wuƙa. Waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi a shekarar farko, amma bayan shekara goma bambancinsu da waɗanda aka yi wa magani kawai bai taka kara ya karya ba. Tiyata takan gaggauta sauƙi, alhali yawancin masu ciwon kan warke cikin mako shida zuwa goma sha biyu ba tare da ita ba. Inda jinkiri ke da haɗari shi ne idan ƙafa ta soma mutuwa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida.

Ga manomin Gedambaliya, zaɓi bai tsaya ga babban yanka ko ƙarami ba. Kafin Afrilun 2023 ƙwararrun wannan fanni sun taru ne a Khartum, tafiyar kimanin kilomita 400, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa ya rufe yawancin asibitocin birnin. Saboda haka abin da ya fi masa amfani shi ne sanin ciwon da haƙuri da magani ke warkarwa, da wanda ke wajabta kama hanya a ranar.