Hawan Jini: Ciwon da Likitoci Suka Daɗe Suna Cewa a Ƙyale Shi

A hutun Disamban da ya wuce na koma gida Manchester, sai Umma ta aike ni in ɗauko mata wata takarda a durowar Abba. Ina buɗewa na ga kwalin maganin hawan jininsa har uku, ko ɓare su ba a yi ba. Da na yi masa magana sai ya ce, "Ke dai Auta, lafiyata lau. Wanda ya haura sittin ai dole jininsa ya hau, tsufa ne." Na rasa ta cewa, don ni tarihi nake karantawa a jami'a, ba likitanci ba. To da na koma makaranta sai na shiga laburare na bi diddigin ciwon. Abin da ya ba ni mamaki, maganar Abba ita ce maganar manyan likitocin Turai da Amurka shekaru casa'in da suka wuce.

Awon jinin kansa bai daɗe ba. A 1733 wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya ba da labarin yadda ya sa dogon bututun gilashi a jijiyar doki, jini ya haura sama da ƙafa 8. Wa zai yarda a yi masa haka? Sai a 1896 wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da abin da ake ɗaurawa a hannu a hura masa iska. A 1905 Nikolai Korotkoff, likitan sojan Rasha, ya gano cewa in an saurari jijiyar yayin da ake sassauta iskar za a samu lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Su ne waɗannan 120 bisa 80 da muke ji har yau.

An samu abin awo, amma likitoci suka yi wa lambar gurguwar fahimta. A ganinsu jijiyoyi suna tauri in mutum ya manyanta, saboda haka dole zuciya ta ƙara ƙarfin bugu kafin jini ya kai ƙoda da ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya saukar da shi ya cuci mara lafiya. Sunan da suka laƙaba wa ciwon a Turance ma yana ɗauke da ma'anar "na dole". Har lissafi ake yi: ka ɗora shekarunka a kan 100, in lambar sama ba ta wuce haka ba, kana lafiya. A 1931 wani farfesa a Liverpool, John Hay, ya rubuta cewa babban haɗarin mai hawan jini shi ne a gano yana da shi, don wani wawa zai yi ƙoƙarin saukar masa da shi. Kamfanonin inshora na Amurka kuwa, da yake kuɗinsu ne ke fita in mutum ya mutu, tun shekarun 1920 suka lura masu babbar lamba suna mutuwa da wuri.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne shugaban Amurka Franklin Roosevelt. A Maris 1944 an auna shi aka samu 186 bisa 108, zuciyarsa ta riga ta kumbura. Babu wani magani mai inganci a lokacin, sai hutu da rage gishiri da 'yan ƙwayoyin kwantar da hankali. A haka ya tafi taron Yalta a Fabrairun 1945, ya zauna da Churchill da Stalin ana tsara duniyar bayan yaƙi. Ran 12 ga Afrilu 1945 ya yi kukan matsanancin ciwon kai, ya suma. Awon ranar ya kai 300 bisa 190, jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu yana da shekara 63. Shekarun Abba ke nan bana.

Bayan rasuwarsa abubuwa suka fara canjawa. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham shekara da shekaru, aka ga ƙarara cewa hawan jini na janyo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar chlorothiazide ta fito, mai sa jiki ya fitar da gishiri ta fitsari. Sai a 1967 Dakta Edward Freis ya kashe gardamar da gwajin da ya yi a kan tsofaffin sojoji 143 masu matsanancin hawan jini. An ba kusan rabinsu magani, sauran aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. A cikin waɗanda ba su sami magani ba mutum 27 suka gamu da babbar matsala, a ɗaya ɓangaren mutum 2 kacal.

To mu 'yan Afirka fa? A 1929 wani likitan Ingila, Donnison, ya auna mutanen ƙauye a yammacin Kenya, ya ga jininsu ba ya hawa ko sun tsufa. Ashe tsufa kaɗai ba ya kawo shi. A 1997 Richard Cooper da abokan aikinsa suka kwatanta baƙar fata a wurare uku: kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma suna da ciwon, kashi 26 a Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Asali ɗaya, amma abinci da ƙiba da yanayin zama sun bambanta.

Da na karanta wannan sai na tuna labarin da Abba yake ba mu na kakarsa, mai miyar kuka da daddawa, wadda take gutsurar gishirin kantu na ayarin Bilma kaɗan-kaɗan don tsadarsa, kuma da ƙafa take zuwa gona. Shi kuwa shekara ashirin da wani abu yana zaune a tasi, awa goma ko fi a rana, miyarmu kuma ba ta sauka sai an marmasa mata magi huɗu ban da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen cokalin shayi ɗaya. A rahotonta na 2023 ta ce masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, don ciwon ba ya sallama.

Na kira Abba na zayyana masa duk wannan. Da na kai kan Roosevelt dariya ya yi, ya ce shi ba ya mulkin kowa sai sitiyari. Sai Umma ta ambaci Baffa, yayansa da ke Kano, wanda shekara uku ke nan hannunsa na dama ba ya motsi, magana ma da ƙyar. Abba ya yi shiru. Bayan sati biyu ya koma wajen likita, aka sake duba shi, ya ci gaba da shan maganin. Na saya masa na'urar awo, kowace Lahadi yana karanto mini lambar ta waya. Wani satin ya manta, wani satin ya ce na fiye naci.

'Yan uwa, da yawanmu mu ne masu karanta wa iyayenmu wasiƙun asibiti. In kun je gida ku tambaye su yaushe aka auna su, kuma suna shan maganin ko yana durowa. A nan Ingila kantunan magani da dama suna auna 'yan shekara 40 zuwa sama kyauta. Jin sauƙi ba dalilin daina magani ba ne, wannan shawara ta likita ce. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.