Maƙalar Mako: Tarihin Yadda 'Yan Dabon Karta Suka Yi Fama Da Kaushin Hannu



Duk wanda ya taɓa zama kan tabarma yana raba karta ko Whot a tsakiyar hunturu ya san abin da kaushi ke yi wa yatsa. Za ka tura kati ɗaya, babban yatsanka ya zame a kansa, ko kuma biyu su taho tare. A wajenmu abin bai wuce mutum ya lashi yatsa ya ci gaba da wasa ba. Amma a Turai da Amurka akwai mutanen da karta ce gonarsu, wato 'yan dabon da ke tara jama'a su nuna musu rufa-ido da zallar gwanintar hannu, kuma su ba su da damar kai yatsa baki a gaban mutane. Yau za mu bi tarihin yadda suka yi ta neman danshin da zai riƙe musu kati ba tare da 'yan kallo sun gani ba.

Dabon da muke magana a kansa na saurin hannu ne da karkatar da hankalin mai kallo. Tun a 1584 wani Bature ɗan Ingila, Reginald Scot, ya wallafa littafinsa The Discoverie of Witchcraft, inda ya fayyace wasu dabarun karta da na kuɗi don ya nuna wa mutanen zamaninsa cewa babu aljani a ciki, horo ne kawai. To tunda aikin na yatsu ne, lafiyar fatar yatsun ita ce jarin mai sana'ar.

SABULU A KAN KATI

Masana tarihi sun fi karkata ga cewa daga ƙasar Sin karta ta samo asali, ta biyo ta ƙasashen Musulmi har ta isa Masar a zamanin daular Mamluk. Har yau akwai tsohuwar kartar Mamluk da aka adana a gidan tarihi na Topkapi da ke Santambul. A shekarun 1370 ne ta fara bayyana a rubuce-rubucen Turai.

Kartar wancan lokacin kwali ce mai kauri, fuskarta garje-garje, kusurwoyinta a tsaye. Saboda haka damuwar masu sarrafa ta ita ce yadda za ta yi santsi. Girolamo Cardano, likita kuma masanin lissafi ɗan Italiya da ya rasu a 1576, wanda shi kansa caca ta ci masa rayuwa sosai, ya rubuta littafi a kan wasannin sa'a wanda ba a buga ba sai a 1663. A cikinsa ya lissafa hanyoyin maguɗin 'yan caca, har da shafa wa karta sabulu don ta riƙa sulɓewa. Wannan ya nuna mana cewa a farkon lamari kati aka riƙa yi wa magani, hannu bai shigo lissafi ba tukuna.

Masana'antu ne suka juya al'amarin a ƙarni na 19. A Landan Thomas De La Rue ya shigo da sababbin hanyoyin buga karta da inji a farkon shekarun 1830, kati ya ƙara siranta da sheƙi. A 1885 wani kamfanin ɗab'i a birnin Cincinnati na Amurka ya fito da karta mai suna Bicycle, wadda har gobe ita ce 'yan dabo suka fi amfani da ita. Daga baya aka riƙa yi wa fuskar katin ƙananan ramuka da ido ba ya gani sosai, iska ta riƙa maƙalewa tsakanin kati da kati, su riƙa zamewa a kan juna cikin sauƙi. Abin da 'yan cacar zamanin Cardano ke nema da sabulu sai ga shi yana zuwa a cikin kwali tun daga masana'anta. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu: katin da ke zamewa a kan ɗan'uwansa yana zamewa a ƙarƙashin busasshen yatsa ma.

ABIN DA ERDNASE YA HANGO

A 1902 aka buga wani ƙaramin littafi a Shikago mai suna The Expert at the Card Table. Marubucin ya sa wa kansa suna S. W. Erdnase, wanda idan aka karanta daga baya zai ba da E. S. Andrews, kuma har yau ana gardamar ko wane ne shi. 'Yan dabon karta sun ɗauki littafin tamkar tushen sana'arsu.

A cikinsa marubucin ya yi maganar hannu a 'yan layuka kaɗan, amma ya gama zancen. Ya ce ɗan koyo kan ɗauka hannunsa ya yi ƙanƙanta ko ya yi girma, alhali girman hannu ba shi ne abin dubawa ba. Hannun da ya fi dacewa shi ne mai laushi, mai matsakaicin danshi. Idan fata ta bushe ta yi tauri, ko zufa ta yi mata yawa, wahala ta ƙaru. Ya kuma nuna cewa ana iya jiƙa busasshen yatsa ko a goge mai zufa, amma duka biyun ba su kamata ba a wajen aiki. Shawararsa ita ce a nemi abin da zai tausasa fata tun kafin a zauna, a kuma kula da lafiyar jiki.

Me ya sa jiƙa yatsa ya zama laifi? Saboda yana tona lokaci. Dabaru irin su zaro kati na biyu ko na ƙarƙashi a maimakon na sama sun dogara ne ga ɗan tudun yatsa ya kama katin da ake so, shi kaɗai, cikin ƙiftawar ido. Idan mutum bai lashi yatsa ba sai daidai lokacin da zai yi wannan motsi, ya sanar da kowa cewa yanzu ne za a yi wani abu. A dandalin dabo, asiri ya tonu, a yi masa dariya. A teburin 'yan caca na wancan zamani kuwa, wanda aka zarga da maguɗi yana iya rasa fiye da kuɗinsa.

Ilimin kimiyya ya zo ya gaskata maganar Erdnase. Saman fatarmu matattun ƙwayoyin halitta ne da suka yi shimfiɗa. Idan sun sami ɗan ruwa sai su yi laushi, yatsa ya kwanta sosai a kan abin da ya taɓa, riƙo ya yi ƙarfi. Idan sun bushe, 'yan tsirarun wurare ne kaɗai ke taɓa katin, sai ya kuɓuce. Idan kuma ruwan ya wuce kima, yatsa ya koma zamewa, katin takarda ya sha laima ya lanƙwashe. Gaba kura baya sayaki ke nan, kuma ɗan dabo a ɗan tsakanin nan yake neman abincinsa.

ME ZAI HANA A SHAFA MAI?

Wani zai ce ai sai a shafa basilin ko man kaɗanya a huta. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Vaseline, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, da sauran mayuka masu maiƙo, aikinsu su rufe fata kada ruwan cikinta ya fita. Suna da kyau ga faso da kaushi idan za a kwanta barci. Amma maiƙo santsi yake ƙara wa yatsa, sannan ya bi katin ya ɓata shi, ya tara datti, karta ta riƙa dunƙulewa idan an zo baza ta.

Abin da ya fitar da su kunya tsohon abu ne. A 1779 masanin haɗa magunguna ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, yana dafa man zaitun da wani sinadarin dalma sai ya sami wani ruwa mai kauri da zaƙi. Daga baya Bafaranshe Michel Chevreul ya raɗa masa sunan da muka sani yau, gilisarin, daga kalmar Girkanci mai nufin zaƙi. Shi gilisarin janyo ruwa yake yi ya riƙe a saman fata, ya bar ɗan danƙo kaɗan wanda ba maiƙo ba, daidai abin da yatsa ke buƙata a kan kati. Matan Turai sun daɗe suna haɗa shi da ruwan wardi don gyaran hannu, kuma akwai hikima a sirka shi ɗin, domin zallarsa a busasshiyar iska yana iya zuƙo ruwa daga cikin fatar kanta.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne inda 'yan dabo suka riƙa aro maganinsu. Corn Huskers Lotion, man da ba shi da maiƙo, an yi shi ne a farkon ƙarni na 20 don manoman jihar Iowa da ɓare masara da hannu ke tsattsaga wa fata. Sortkwik, ɗan gwangwanin da ake dangwala yatsa a ciki, an yi shi ne don ma'aikatan banki da na ofis masu ƙirga kuɗi da takardu. O'Keeffe's Working Hands kuwa wata mai haɗa magunguna ce a jihar Oregon, Tara O'Keeffe, ta haɗa shi a shekarun 1990 saboda mahaifinta makiyayi da hannuwansa suka farfashe. Dukkansu gilisarin ne ƙashin bayansu, kuma su ne sunayen da ke yawo a bakin masu sana'ar karta. Mutumin da ke tsaye cikin baƙar kwat a gaban manyan baƙi, da man manomi da na makiyayi yake rufa wa kansa asiri.

SAFAR HANNU DA TSUFA

Akwai wanda ya bi wata hanya daban. Richard Pitchford, ɗan yankin Wales da aka haifa a 1895, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A cikin ramukan yaƙi ya riƙa koyon sarrafa karta, sanyi kuma ya tilasta masa yi da safar hannu. Bayan yaƙi ya ɗauki sunan Cardini, ya shahara da fito da karta a baje kamar mafici daga iska, hannuwansa sanye da safa. Masu irin wannan wasa na kan dandali sukan koma wa dabarar farko ta gyara katin kansa, su barbaɗa masa wata farar hoda ta sinadarin zinc don ya bazu daidai.

Mai wasa a kan tebur, kusa da idon mutane, ba shi da wannan mafita, kuma babban abokin gabarsa shi ne shekaru. Yayin da mutum ke manyanta, zufa da man da fata ke fitarwa suna raguwa. Sana'ar kuwa tana cin shekaru da dama kafin ta nuna a hannu. Mu dubi Dai Vernon, ɗan Kanada da aka haifa a 1894, wanda ya karanta littafin Erdnase tun yana yaro. A 1922 a Shikago ya ruɗa Harry Houdini, mutumin da ke alfaharin babu dabon da zai gani sau uku bai gano shi ba. A 1963 Vernon ya koma gidan 'yan dabo na Magic Castle da ke Hollywood, yana koyar da matasa har cikin tsufansa, ya rasu a 1992 yana da shekara 98. Ga irin waɗannan dattawa, lokacin da ilimi ya cika shi ne lokacin da fata ke janye taimakonta. Ɗan gwangwanin da ke aljihu yana iya zama abin da zai ba tsoho damar ci gaba da nuna abin da ya shafe rayuwarsa yana koyo, maimakon ya koma ba da labarinsa da baki.

A 2020 annobar korona ta sake tayar da maganar. Yawan wanke hannu da sabulu da goga ruwan kashe ƙwayoyin cuta ya busar da hannuwan jama'a, lasar yatsa kuma ta zama abin ƙyama ko a wajen mai ƙirga kuɗi. A cikin haɗin ruwan goge hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar, an sa gilisarin kashi 1.45 cikin ɗari don kare fata. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka tsaya a kanta ba ta yi nisa da shawarar 1902 ba. Mai maiƙo da dare, don fata ta warke. Mai gilisarin kaɗan kafin wasa, a bari ya shiga jiki, a goge ragowar tun ba a buɗe kwalin karta ba. Wasu sukan ajiye kofin ruwan sanyi kusa, su taɓa raɓar jikinsa kamar masu kurɓa, domin wannan motsi ne da babu mai zargi. Tela mai ɗaga ƙyalle, da mai shago mai buɗe leda, da mai ƙirga kuɗi a kasuwa, duk suna iya gwada wannan idan iskar hunturu ta kaɗa.

Wanda ya san wani haɗi da iyayenmu masu aikin hannu ke amfani da shi wajen tausasa yatsu, ya taimaka ya rubuto mana mu ƙaru. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.