Kyautar Da Ta Zama Jari: Tarihin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Kullum muna gardama a kan ko sakin littafi kyauta a WhatsApp da Wattpad asara ce ko talla. Masu ƙirƙirar manhajar kwamfuta sun riga mu shiga wannan gardamar da shekara 40.

A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya sanar da shirin GNU, yana cewa kowa ya samu ikon buɗe cikin manhaja, ya gyara ta, ya ba wani. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya saki Linux a kan wannan turba. To ina riba? Kamfanin Red Hat, da aka kafa a 1993, shi ya ba da amsa. Manhajar a buɗe take ga kowa, abin da yake sayarwa shi ne kulawa: gyara, sabuntawa, da tabbacin cewa in na'urar banki ta tsaya da tsakar dare akwai wanda zai ɗaga waya. A 2019 IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34. Haka Android, da ta fito a 2008: Google ya buɗe tushenta ga masu ƙera waya, har da Tecno da itel ɗin da ke hannunmu, yana cin ribarsa a tallace-tallace da Play Store.

Sai dai fa kyautar tasu ba ta ci-barkatai ba ce. Lasisin GPL na 1989 ya ce wanda ya gyara manhaja ya raba ta, dole ya buɗe nasa gyaran, kuma ba zai goge shaidar haƙƙin mai ita ba. A nan muka bambanta da su. Mu sai marubuciya ta saki shafi 50 ba sharaɗi, ba wani abu da ta tanada za ta sayar daga baya, gobe ta tsinci labarinta ana karantawa a YouTube an cire sunanta.

Manhaja kuma ba ta tallata kanta. Lokacin da Apple ya fitar da Macintosh a 1984, aikin Guy Kawasaki shi ne bin masu rubuta manhaja yana shawo kansu su rubuta wa sabuwar na'urar. Yau wannan sana'a ce mai albashi, wato jakadan kamfani a wurin masu ƙirƙirar manhaja. Shi ke rubuta bayanin yadda ake amfani da kayan, ya shirya taro, ya amsa tambayoyi, ya kai wa kamfani ƙorafin jama'a. Kaso mai tsoka na aikin rubutu ne, shi ya sa ya shafe mu. Amma a lura, ba duk mai sanye da rigar kamfani ne ma'aikacinsa ba: masu shirya tarukan GDG irin na Kano 'yan sa-kai ne, ba sa karɓar albashi daga Google.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ta riƙa buga jerin littattafan 'ya'yanta a cikin littattafansu, kowane littafi jakadan 'yan uwansa. A shekarun 1990 kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar wa kwamfuta haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a lokacin da babu su a manhajar rubutu.

A yankinmu akwai makarantar Informatics ta Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga Kwalejin Hussaini Adamu. Matashin Kanya Babba ko Roni da ya haɗa ilmin kwamfuta da alƙalami mai kyau ya riƙe rabin wannan sana'a, in wuta da data suka bar shi. Wuraren gwaji ma a buɗe suke, sai dai a karanta sharaɗinsu tukuna. Rubutun Wikipedia ta Hausa, duk wanda ya ɗauka dole ya ambaci inda ya samo. Muryar da muka naɗa wa shirin Common Voice na Mozilla kuwa a ƙarƙashin lasisin CC0 take, kowane kamfani zai iya ɗauka ya gina hajarsa da ita ba tare da ya ambaci kowa ba.