Layin Dogo, Auduga da Waƙar Coci a Ƙasar Funtuwa

Idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar jirgin ƙasa ne ya kawo ɗariƙar Baptist yankinmu. Tun 1850 Thomas Bowen ya sauka ƙasar Yarabawa, amma sai da layin dogo ya ratsa Funtuwa, daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, a ƙarshen shekarun 1920, sannan ma'aikatan reluwe da fatake Yarabawa suka yawaita, kowa da littafin waƙarsa.

Ginin farko na laka ne. Kuɗin auduga da baikon kaka su suka ɗora kwano.

Waƙar ce ta fi ba mu sha'awa. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. A ƙauyukan Malumfashi, inda mishan ɗin SIM ya fi ƙarfi cikin Maguzawa, Zumuntar Mata ta shigo da kiɗan tulu da caki, ana bayarwa ana amshi, tamkar waƙar daɓe. A ganinmu, nan coci ya daina zama baƙo.

A Maris 1987 rikicin Kafanchan ya iso Funtuwa, aka ƙona coci-coci. Da aka tashi sake gini, sai aka yi da bulo, har da katanga.