Daga Ɗakin Saba Zuwa Gajimare: Yadda Kamfanoni Suka Koma Hayar Hanyoyin Sadarwarsu

Waɗanda suka yi aiki a banki, ko kamfanin inshora, ko wata babbar ma'aikata shekaru ashirin da suka wuce ba za su manta da wani ɗaki ba. Ƙofarsa kullum a kulle, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana, wayoyi sun sauko daga rufi sun shige bayan na'urori masu kyaftawar fitilu, makullin kuma yana aljihun mutum ɗaya ko biyu. Ɗakin saba ke nan, inda duk sadarwar kamfani ke haɗuwa. Yau da yawa daga irin waɗannan ɗakuna sun zama sito, aikinsu ya koma hannun wasu kamfanoni na nesa da ake biya wata-wata, abin da ake kira gajimare. Idan muka bi sawun wannan sauyi, za mu tarar cewa a duniyar kwamfuta haya ta girmi mallaka, kuma harkar ta daɗe tana kai-kawo tsakanin su biyun.

Mu fara daga shekarun 1950. A lokacin kwamfuta guda kan cika zaure, kuɗinta kuwa sai gwamnati ko hamshaƙin kamfani. IBM, wanda ya mamaye kasuwar, hayar injinansa yake bayarwa, sai a 1956 ne gwamnatin Amurka ta tilasta masa ya riƙa sayarwa ga mai son saye. A 1961, wajen bikin cikar jami'ar MIT shekara 100, masani John McCarthy ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa rarraba aikin kwamfuta ga jama'a kamar yadda ake rarraba layin tarho, kowa ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Ba a jima ba kamfanoni irin su Tymshare da General Electric da CompuServe suka mai da wannan tunani sana'a. Ƙaramin ofis zai ajiye na'ura mai kama da tafireta, ya haɗa ta da layin tarho, ya kira babbar kwamfuta da ke wani gari, a ƙarshen wata a kawo masa lissafin sa'o'in da ya ci. A 1962 kuma Ross Perot, wanda ya yi tallar kayan IBM, ya kafa EDS a birnin Dallas, ya ce wa kamfanoni su miƙa masa ɗakin kwamfutarsu gaba ɗaya, shi zai kula da shi. Kamfanin kayan ƙwalama na Frito-Lay yana cikin waɗanda suka fara amsa masa.

Abin da ya karya wannan zamani na farko shi ne arahar na'ura. A 1973 Bob Metcalfe ya ƙirƙiro Ethernet a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya, hanyar da kwamfutocin gini ɗaya za su yi magana da juna ta waya. A 1981 IBM ya fito da kwamfutar tebur, a 1983 Novell ya kawo manhajar NetWare da ke haɗa kwamfutocin ofis su raba fayil da firinta, a 1984 kuma Len Bosack da Sandy Lerner, ma'aikatan jami'ar Stanford, suka kafa Cisco domin ƙera na'urar da ke sada wannan ofis da wancan. Akantan da ya saba jiran layi kafin babbar kwamfuta ta saurare shi sai ga tasa a gabansa. Cikin 'yan shekaru kasuwar hayar sa'o'i ta mutu murus.

Wannan zamani na mallaka yana da daɗinsa, kuma waɗanda suka rayu a cikinsa suna da hujjar kewarsa. Injiniyan kamfani ya san kowace waya da inda ta nufa. Idan abu ya lalace, ya san ɗakin da zai shiga da na'urar da zai duba, ba ya jiran amsar kowa. Wata sabuwar sana'a ta haihu, matasa suka riƙa kwana suna karatun jarrabawar Cisco da Novell. Sai dai nauyin ya yi ta ƙaruwa. Dole kamfani ya sayi na'urar da za ta ɗauki aikin ranar da ta fi kowace cunkoso, ko da sauran kwanakin shekara a zaune take. Bayan 'yan shekaru ta tsufa, a sake saye. Layukan da ke haɗa rassa da hedikwata kuwa dama can na kamfanonin tarho ne, ana hayarsu da tsada, ana jiran watanni kafin a ja sabo, tun daga keɓaɓɓun layuka, zuwa Frame Relay a farkon shekarun 1990, zuwa MPLS a ƙarshensu.

Kamfanin da ya yi fice wajen sauke wannan kaya a bainar jama'a shi ne Kodak, a 1989. Kafin lokacin, ana ganin sai kamfanin da ya gaza ne ke ba wani riƙon kwamfutocinsa. Kodak kuwa yana tsakiyar ganiyarsa. Duk da haka shugabar sashen bayanansa, Katherine Hudson, ta miƙa cibiyoyin kwamfuta ga IBM, hanyoyin sadarwa ga Digital Equipment, kula da kwamfutocin tebur ga Businessland. Hujjar a fili take: sana'ar Kodak fim da hoto ce, to me zai sa ya ɓata ƙarfinsa wajen renon wayoyi? Manyan kamfanoni suka bi sahu, aka shiga sa hannu a kwangilolin shekara bakwai da goma. Amma wannan miƙawa ba ta canza asalin abin ba. Na'urorin nan dai na abokin ciniki ɗaya ne, ma'aikatan ma sau da yawa su ne na jiya, mai biyan albashi kawai aka sauya. Kwangilar kuma ba ta tanƙwaruwa idan kasuwa ta juya. Bankin JPMorgan Chase ya ƙulla irinta da IBM a 2002 kan dala biliyan 5, a 2004 ya warware ta, ya maido ma'aikata kusan 4,000 gida.

A ƙarshen shekarun 1990 intanet ta sa an sake gwadawa. Kamfanoni suka ɓullo suna cewa za su ajiye maka manhaja a wajensu ka riƙa shiga daga nesa. Yawancinsu ba su kai labari ba, domin layukan lokacin ba su da sauri, kuma kowane abokin ciniki sai an ware masa nasa injin, don haka arahar ba ta samu ba. Da kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet ta rushe a 2000, manya ma suka durƙushe: Exodus a 2001, Global Crossing da WorldCom a 2002. Sai dai sun bar gado. Dubban kilomitoci na wayar faiba da suka binne a ƙasa da ƙarƙashin teku suka koma hannun wasu a kan araha, farashin sadarwa ya faɗi. A wannan tsakani ne abubuwa biyu suka tsira. Salesforce, wanda Marc Benioff ya kafa da abokansa a 1999, ya nuna cewa manhaja ɗaya za ta iya hidima ga dubban kamfanoni a lokaci guda, kowa ya biya kuɗin wata bisa yawan ma'aikatansa. VMware kuma, da aka kafa a 1998, ya nuna yadda za a raba inji ɗaya ya zama kamar injina goma, kowane yana aikinsa ba ruwansa da maƙwabcinsa.

Shekarar 2006 ita ce mararrabar wannan tarihi, kuma kamfanin da ya fara da sayar da littattafai ne ya kawo ta. Amazon ya buɗe ma'ajiyar bayanai ta S3 a watan Maris, a watan Agusta ya biyo da EC2, inda mutum zai ɗauki hayar kwamfuta a kan santi 10 a sa'a, da katin banki kawai, ya mayar idan ya gama. Ayarin da ya gina EC2 a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu yake, ƙarƙashin Chris Pinkham. Abin da a da sai an rubuta takardar neman kuɗi, an jira kwamiti, an jira jirgin ruwa, yanzu ya zama aikin mintoci. A 2009 Amazon ya ƙara wani mataki: ya ba kamfanoni damar tsara keɓaɓɓiyar hanyar sadarwarsu a cikin cibiyoyinsa, da ƙofofinta da katangar tsaronta, duk a kan allo, ba tare da an ja waya ko ɗaya ba. Google ya shigo a 2008, Microsoft ya buɗe Azure a 2010, ya mai da manhajojin ofis na haya a 2011. Netflix, wanda rumbun bayanansa ya lalace a 2008 har ya yi kwana uku bai iya aika wa mutane faifai ba, ya fara ƙaura a shekarar, ya kammala a farkon 2016.

Da sabobi suka bar gida, sai tsarin wayoyin da aka gina dominsu ya zama bambaraƙwai. An tsara shi ne don kowane reshe ya kai saƙo hedikwata, alhali abin da ma'aikaci ke nema ya riga ya bar hedikwatar. Nan ne haya ta cim ma hanyar sadarwar kanta. Meraki, wanda ɗaliban MIT suka kafa a 2006, ya riƙa sayar da na'urorin ofis da ake sarrafawa daga shafinsa na intanet, mutum ɗaya ya kula da rassa ɗari daga kujerarsa. Sharaɗin shi ne lasisi: idan ya ƙare ba a sabunta ba, bayan ɗan wa'adi na'urar da ka saya da kuɗinka za ta daina aiki. Cisco, sarkin zamanin mallaka, ya saye Meraki a 2012 kan dala biliyan 1.2, a 2017 ya ƙara da Viptela kan dala miliyan 610, kamfanin da ke haɗa rassa ta intanet na kowa da kowa a maimakon layukan haya masu tsada. Zscaler da Cloudflare suka ɗauke aikin tsaro, saƙon ma'aikaci ya bi ta wajensu a tace shi kafin ya wuce. Annobar korona ta 2020, da ta mai da falon kowa ofis, ta ƙarasa shawo kan masu jan ƙafa.

A nan gida labarin ya bi tasa hanyar. A shekarun 1990 layukan NITEL ba abin dogaro ba ne, don haka bankunan da suka so abokin ciniki ya ajiye kuɗi a Legas ya cira a Kano sai suka kafa faifan tauraron ɗan'adam a kan rufin rassansu. Mallakar ta zo mana da ƙarin kaya da Kodak bai sani ba: janareta biyu, tankin dizal, batura, da fargabar ranar da na'urar sanyaya ɗaki za ta tsaya. Wayar teku ta SAT-3 ta fara aiki a 2002, amma sai a 2010, da MainOne na Funke Opeke da Glo-1 suka fara aiki a Legas, sannan WACS a 2012, farashi ya fara sauka. Cibiyoyi irin su Rack Centre suka buɗe, bankuna suka kwashe sabobinsu zuwa inda wani ke ɗauke da nauyin wuta. Matasan da suka kafa kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya kuwa, da yawansu ba su taɓa mallakar ɗakin saba ba. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, a 2022 kuma Equinix na Amurka ya kammala sayen MainOne kan dala miliyan 320.

Ribar wannan sauyi ba ta buƙatar shaida. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai iya samun tsarin lissafi da tsaro irin wanda a da sai banki. Amma kuɗin da ake biya ya wuce na takardar wata. Ranar 28 ga Fabrairun 2017, kuskuren rubuta umarni ɗaya a cibiyar Amazon da ke Bajiniya ya tsayar da dubban shafuka na kusan sa'a huɗu. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin teku huɗu suka tsinke daura da gaɓar Kodebuwa, bankuna da ofisoshi a Najeriya da Gana suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, gyara ya ɗauki makonni. Wanda ya cike rijiyar gidansa don an ja masa famfo, ranar da aka ɗauke ruwa ba shi da inda zai zura guga. Ga kuma dala. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, canjin hukuma ya tashi daga kusan 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin hayar kamfanoni ya ninka uku ba tare da sun ƙara amfani da komai ba. Sannan akwai batun iko: dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko a ina suka ajiye su, ita kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin bayanan jama'a a wuyan wanda ya karɓe su. Ko a Amurkar, wasu sun juya: Dropbox ya kwashe mafi yawan ajiyarsa daga Amazon a 2016, kamfanin 37signals ya koma sayen injinansa a 2023.

Shekaru sittin da ɗoriya na wannan kai-kawo sun koya mana cewa kowane juyi yana da dalilinsa na gaskiya, tsadar na'ura ko araharta, saurin layi ko nawarsa, kuma babu juyin da ya zama na ƙarshe. Abin da bai taɓa sauya hannu ba shi ne alhaki. Ranar da katin abokin ciniki ya ƙi aiki, bankinsa zai tuhuma, bai san wani kamfani a Bajiniya ba. Saboda haka kamfanin da ya koma hayar sadarwarsa yana buƙatar ya riƙe abu uku a gida: mutanen da suka fahimci yadda tsarin ke aiki, hanya ta biyu da ba ta bi ta inda ta farko ta bi ba, da sanin yadda zai kwashe bayanansa ranar da farashi ko doka ta juya masa baya. A matakin ƙasa kuma, muna buƙatar cibiyoyin da ke karɓar naira, da wayar faiba da ta wuce Legas ta ratsa Arewa, da matasan da suka iya gina hanyar sadarwa tun daga tushe, domin juyi na gaba ya same mu da abin zaɓi a hannu.